Yadda ake buga yaƙin Hastings na 1066 a kan tebur da ƙananan sojojin roba

Wannan wasa ne na mutum biyu, ana jera ƙananan sojoji a kan tebur da aka yi wa tudu da daji da fadama, a ɗauki wani yaƙi da aka taɓa gwabzawa da gaske a sake buga shi da rula da ƙwayar ludo. Na daɗe ina yi kuma duk wanda ya ce min zai fara, yaƙin Hastings nake ce masa ya fara da shi, saboda filinsa mai sauƙin haɗawa ne, tudu ɗaya ne kawai, kuma rundunonin biyu ba su yi kama da juna wajen faɗa ba, ɗaya a tsaye take ɗaya kuma ita ke kai hari. Duk yaƙin a kan abu ɗaya yake, shin 'yan Ingila za su daure su tsaya a kan tudun har dare ko za a yaudare su su sauko. In ka riƙe wannan to sauran duk aikin hannu ne.

Kayan da za ka tanada

Sojoji, wajen 90 gaba ɗaya, zan yi bayanin samunsu a ƙasa. Kwali mai kauri irin na katan ɗin taliya ko na firiji. Farin gam na kafintoci irin Top Bond, da sufa gulu ɗan kaɗan. Fentin akirilik wanda ake sirka shi da ruwa, kala bakwai sun isa: baƙi, fari, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa da ruwan azurfa, kore kuma ka haɗa da shuɗi da ɗorawa. Buroshi biyu, ƙarami mai tsini da babba. Reza, almakashi, rula ko tef ɗin tela. Farin soson nan mai ƙarau da ke zuwa cikin kwalin talabijin. Koren kyalle yadi ɗaya da rabi, yashi, garin katako daga wajen kafinta, tsohon soson wanka, tsinken sakace. Ƙwayar ludo guda shida, in ka samu goma ya fi. Wake cikin hannu ɗaya don ƙirga rauni. Tebur ko falanki mai santimita 90 tsawo da faɗi, in babu ma tsakar ɗaki ta isa in dai yara ba za su bi ta kai ba.

Akwai waɗanda ba sa son ajiye mutum-mutumi a gida, akwai kuma waɗanda ba sa taɓa ƙwayar ludo, duka akwai mafita. Maimakon sojoji ka sa kafinta ya yanka maka ƙananan katakai ka shafa musu kala ka rubuta sunan rukuni a kai, ai sojojin Furoshiya ma (tsohuwar masarautar Jamusawa ce) da suka riƙa koyar da hafsoshinsu da irin wannan wasa tun 1824 da ƙananan tubala masu kala suke yi a kan taswira. Maimakon ƙwaya kuma ka rubuta 1 zuwa 6 a takardu ka zuba a hula, a zaro a duba a mayar. Ba a sa kuɗi a wasan nan, ba caca ba ce.

Mataki na 1: Ka san yaƙin tukuna

A watan Janairun 1066 Sarki Edward na Ingila ya mutu bai bar ɗa ba, aka naɗa Harold Godwinson, sai mutum biyu suka ce ai sarautar tasu ce, Harald Hardrada sarkin Norwe da Wiliyam mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa. Hardrada ya fara sauka ta arewa, Harold ya je ya same shi a Stamford Bridge ranar 25 ga Satumba ya kashe shi har da Tostig ɗan'uwan Harold ɗin da ya bi bayan Hardrada. Kwana uku bayan nan Wiliyam ya sauka a Pevensey can kudu, dole Harold ya juyo da mutanensa a gajiye suka yo kudu. Ranar 14 ga Oktoba aka haɗu a wani tudu mai nisan kamar kilomita 10 daga garin Hastings, aka fara wajen ƙarfe tara na safe ba a gama ba sai faɗuwar rana, wanda a zamanin nan abin mamaki ne, yawancin yaƙe-yaƙensu ba sa kai haka.

'Yan Ingila a ƙasa suke faɗa, ko mai doki in ya iso fili sauka yake. Suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa garkuwa na haɗe da garkuwa ta zama katanga. Iri biyu ne, akwai dakarun gidan sarki da na manyan hakimai da ake ce wa huskal, masu sulke da dogon gatari na hannu biyu, yaƙi shi ne sana'arsu, sannan akwai waɗanda aka yi gayyarsu daga gundumomi, zan riƙa ce musu 'yan gayya. Wiliyam kuwa yana da maharba da dakarun ƙasa da barade a kan dawaki, ya kasa su uku: 'yan Biritani a hagu (wani yanki ne a yammacin Faransa, ba Birtaniya ba), 'yan Nomandi a tsakiya tare da shi, Faransawa da 'yan Filandas (yanki ne da yawancinsa ke cikin Beljiyam ta yau) a dama. Da farko hari ya ci tura, ɓangaren hagu ya karye ya gudu, jita-jita ta bazu cewa an kashe Wiliyam har sai da ya ɗaga kwalkwalinsa ya nuna fuska, wasu 'yan Ingila suka biyo masu gudun suka sauko daga tudu, barade suka zagaye su suka gama da su. Daga nan aka ce sau biyu 'yan Nomandi suka yi gudun ƙarya da gangan. Katanga ta yi ta raguwa, Gyrth da Leofwine ƙannen Harold suka mutu, da yamma shi ma Harold ya faɗi. Iya abin da kake buƙata kenan.

Mataki na 2: Samun sojoji

Girma uku aka fi amfani da su, milimita 15, milimita 28, da wanda ake rubuta wa 1/72 wanda mutum ɗaya bai wuce santimita biyu da rabi ba. Ga mai farawa 1/72 na roba nake ba da shawara, su suka fi araha, kwali ɗaya yakan zo da sojoji arba'in da wani abu kuma ba nauyi in za a aiko maka daga waje. Na milimita 28 irin na kamfanin Victrix ko Gripping Beast sun fi kyau nesa ba kusa ba amma sai ka harhaɗa hannu da kai da garkuwa da kanka kuma kuɗin ya fi. Duk wanda ka zaɓa ka tsaya a kansa, kar ka gauraya, in ba haka ba za ka ga baraden Wiliyam sun zo wa 'yan gayya iya ƙugu.

Ga lissafin: 'yan Ingila rukuni 12, huskal 4 da 'yan gayya 8, kowane rukuni mutum 4, 48 kenan. 'Yan Nomandi su ma rukuni 12, maharba 3 masu mutum uku-uku, dakarun ƙasa 4 masu mutum huɗu-huɗu, barade 5 masu doki bibbiyu. Sai shugabanni huɗu daban, Harold da ƙannensa biyu da Wiliyam. Masana da yawa suna sa kowane ɓangare wajen mutum dubu 7 zuwa 8, kaga kowane rukuni naka yana tsaye ne a madadin mutum kamar 600. Kar ka ba 'yan Ingila rukunin maharba, ba su da su da yawa a ranar.

In sayo na roba ya gagara, yi na takarda. Ka nemi hotunan doguwar saƙar nan ta Bayeux a intanet, wadda aka yi wa ɗinkin labarin yaƙin kusan mita 70, ka zaɓi mutanen da kake so ka kai shagon firintin a buga maka su tsawon santimita 3, kowane hoto da juyayyensa, ka ninke ka manna ka bar ɗan leɓe a ƙasa na tsayawa. Wallahi daga nesa suna da kyau sosai kuma ka tsallake mataki na 3 da na 4 gaba ɗaya.

Mataki na 3: Wanki da shafen farko

Wannan ne mutane ke tsallakewa sai daga baya fenti ya riƙa ɓarewa. Sojojin roba suna fitowa daga kamfani da wani maiƙo a jikinsu, ka jiƙa su a ruwan omo mai ɗumi, ba mai zafi ba, ka goge da tsohon buroshin haƙori ka ɗauraye ka shanya a inuwa. Ka yanke su daga sandar da suke maƙale da reza, kar ka murɗe da hannu. Mashin da ya lanƙwashe ka tsoma shi a ruwan zafi ɗan lokaci kaɗan ka miƙar ka jefa a ruwan sanyi, zai tsaya. Daga nan ka sirka farin gam da ruwa rabi da rabi ka shafe su duka, in ya bushe ka bi da baƙin fenti siriri. Ka ɗiga gam ka jera su biyar-biyar a kan dogon kwali don ka samu abin riƙewa.

Mataki na 4: Fenti

Kar ka ɗauki soja ɗaya ka ce sai ka gama shi tas, ba za ka gama 90 ba. Ka ɗauki goma ka yi musu kala ɗaya duka, kafin ka kai na ƙarshe na farko ya bushe. Fara da sulke: ka taɓa ruwan azurfa da buroshi ka goge shi a takarda har ya kusa bushewa sannan ka riƙa shafawa sama-sama a kan baƙin, zobban sulken za su fito da kansu baƙin ya zauna a ramuka. Sai fuska da hannu, sai riga da wando, sai sandar mashi, garkuwa a ƙarshe. Kalolin tufafi su zama masu duhu-duhu irin na rini, jan ƙasa, shuɗi mai duhu, kore, ɗorawa da ta sha wanki, 'yan gayya kuma ka yawaita musu ruwan ƙasa da toka. In ka gama ka sirka ruwan ƙasa da baƙi da ruwa mai yawa ka wanke sojan da shi gaba ɗaya, shi ke fito da ninkin riga.

Abubuwan da ba na zamanin ba ne kar su shigo: kwalkwali mai ƙaho babu shi, sulken faranti mai rufe jiki duka sai bayan shekaru ɗaruruwa ya zo, dawaki ba a sa musu komai na kariya, garkuwa kuma ba ta da tambarin gidan sarauta irin na baya. Kwalkwalinsu mai tsini ne da ɗan ƙarfe da ya sauko kan hanci. Garkuwar 'yan Nomandi doguwa ce mai faɗi a sama da tsini a ƙasa, huskal da yawa ma irinta suke riƙewa, wasu kuma mai zagaye. Tunda masu sulken ɓangarorin biyu sun yi kama, ka shafa wa gefen mazaunin (kwalin da za ka manna su a kai) 'yan Ingila ja na 'yan Nomandi shuɗi, in faɗa ya cakuɗe za ka gode min. Tuta kuma takarda ce da tsinken sakace, Harold yana da ta dodon Wessex (yankinsa ne a kudancin Ingila), Wiliyam yana da wadda Fafaroma Alexander na biyu ya aiko masa.

Mataki na 5: Mazauni

Ka yanka kwali, na 'yan ƙasa santimita 6 faɗi 3 zurfi, na barade 6 da 5, na shugabanni ɗan zagaye kamar murfin kwalba, murfin ma kansa ya yi. Faɗin nan na 6 dole ya zama ɗaya ga kowa saboda rukuni da rukuni gaba da gaba suke haɗuwa. Kwali biyu ka manna ka ɗora musu littafi mai nauyi su kwana, falle ɗaya yana lanƙwashewa in ya sha gam. Ka manna sojojin, ka shafa gam a saman kwalin ka barbaɗa yashi, in ya bushe ka shafa ruwan ƙasa, sai ka ɗiga gam nan da can ka barbaɗa garin katakon da ka rina da koren fenti ka shanya ka tankaɗe da rariya. Huskal ka matse su garkuwa na taɓa garkuwa, maharba ka warwatsa su.

Mataki na 6: Fili

Tudu shi ne komai. Ka yanka farin soson nan tsawon santimita 55, faɗi 20, kauri kamar 4, ka fere gefen gaba da reza ya zama gangare mai sauƙi yadda mazauni zai zauna bai zame ba, ka ajiye shi a gefe ɗaya na teburin ka lulluɓe komai da koren kyallen. Gargaɗi, kar sufa gulu ko fentin feshi su taɓa soson nan, narkar da shi suke. In ba ka da soso ka jera littattafai ka ɗora tawul sannan kyalle. Hagu da dama na tudun ka sa daji da fadama har zuwa bakin tebur, bishiya ita ce soson wanka da aka yayyaga aka rina kore aka soke a tsinke, fadama kuwa guntun kyalle mai duhu. Ka tabbata ba wata kafa da doki zai zagaya ta bayan katanga tun daga farko, in ka bar ta to a zagaye na uku wasa ya ƙare kuma ba Hastings kuka buga ba.

Mataki na 7: Jera runduna

'Yan Ingila 8 a sahun gaba a kan tudu gefe na taɓa gefe, 4 a baya. Ni huskal biyu nake sawa a tsakiya tare da Harold, ɗaya-ɗaya kuma a cikin 'yan gayyan hagu da dama tare da Gyrth da Leofwine, amma mai Ingila yana da damar jerawa yadda ya ga dama. 'Yan Nomandi su tsaya santimita 35 daga katanga: hagu maharba 1, dakaru 1, barade 1, dama ma haka, tsakiya maharba 1, dakaru 2, barade 3 da Wiliyam. Maharba gaba, dakaru a bayansu, barade a ƙarshe.

Mataki na 8: Dokoki

Akwai littattafan dokoki da ake sayarwa, amma ga wanda nake koya wa sababbi da shi, ka kwafe a takarda ɗaya.

Zagaye 16 ne, kowanne rabin awa kenan na ranar yaƙin, ka riƙa yin alama. A kowane zagaye mai Nomandi ya motsa ya yi harbi, mai Ingila ya motsa, sannan duk rukunan da ke taɓa juna su yi faɗa lokaci guda.

Tafiya: 'yan ƙasa santimita 8, maharba 10, barade 16. Hawa tudu ko shiga fadama rabi. Barade ba sa shiga daji. Rukunan ɓangare ɗaya suna iya ratsa juna in za su ja baya ko su canji na gaba.

Harbi: nisan kibiya santimita 25, kowane rukunin maharba ƙwaya 2. Ka ba kowannensu tsinke 6, duk harbi a cire ɗaya, in sun ƙare sai su koma bakin tebur su zauna zagaye guda su ɗebo wasu 6. Dalili shi ne maharba a lokacin suna tsintar kiban da abokan gaba suka harbo, su kuwa 'yan Ingila ba sa harbo komai sosai.

Faɗa: huskal ƙwaya 4, 'yan gayya 3, dakarun Nomandi 3, barade 3, maharba 1. Mai faɗa yana fuskantar sama a kan gangare a rage masa ɗaya. Barade in sun sukwano kan rukunin da ba ya cikin katanga ƙwaya 5 ne a zagayen farko, in ta gefe ko ta baya suka zo 6. A kan katanga kuwa ba su da wani ƙari, doki ba ya faɗa wa bangon masu. Duk ƙwayar da ta nuna 5 ko 6 sara ne.

Kariya: wanda aka sara ya jefa ƙwaya ɗaya kan kowane sara. In yana cikin katanga, wato yana kan tudu, bai motsa ba, kuma aƙalla gefensa ɗaya na taɓa ɗan'uwansa, 4 da 5 da 6 sun kare. A wajen katanga masu sulke 5 da 6, 'yan gayya da maharba 6 kaɗai. Saran da bai karu ba a ajiye wake ɗaya bayan rukunin. Huskal suna ɗaukar wake 6 kafin a ɗauke su, barade 5, 'yan gayya da dakaru 4, maharba 3.

Karaya: rukunin da ya sha wake 2 a zagaye ɗaya, ko wakensa ya kai rabin abin da yake ɗauka, ya jefa ƙwaya, 1 ko 2 ya juya ya gudu tafiya guda cikakkiya. Zagaye na gaba in ya jefa 3 zuwa 6 ya dawo hayyacinsa, in ba haka ba ya ci gaba, in ya fita tebur shikenan. In shugaba na tare da shi a ƙara masa 1 a kan abin da ya jefa.

Mataki na 9: Dokar bin masu gudu

Na ware ta daban saboda ita ce zuciyar wasan. Duk mai Ingila da ya san tarihi ba zai taɓa saukowa daga tudu da son ransa ba, zai zauna ne kawai yana shan shayi har zagaye na 16, to amma Harold na gaske ba shi da wannan ikon a kan mutanensa, sahu ne mai tsawon ɗaruruwan mitoci, ba waya ba lasifika, ga ƙura ga ihu, mutum ya yini ana harbinsa da kibiya yana tsaye sai ya ga waɗanda suka dame shi sun juya baya, ai ƙafarsa ce za ta yanke hukunci. Don haka dokar ta ƙwace wannan daga hannun ɗan wasa.

Duk sanda rukunin Nomandi da ke taɓa katanga ya gudu, kowane rukunin Ingila da ke gabansa da na kusa da shi hagu da dama su jefa ƙwaya. 'Yan gayya in sun jefa 1, 2 ko 3 sun bi, huskal sai 1 kaɗai. In Harold ko ɗaya daga ƙannensa na tare da rukunin a ƙara 1, kaga huskal mai shugaba ba ya bi sam. Wanda ya bi ya sauko santimita 8, in ya cimma mai gudun yana da sara kyauta na ƙwaya 4 ba kariya. Wannan ladan kar ka cire shi, wani lokaci bin yana biya har a hallaka ɓangaren hagu gaba ɗaya, kuma shi ke sa mai Ingila ya fara tunanin ko ya saki kowa da kowa a gama. Komawa kan tudu kuwa rabin tafiya ne kuma baya suke ba barade.

Gudun ƙarya: sau biyu kacal a wasa mai Nomandi zai iya cewa rukunin barade kaza da ke taɓa katanga ya juya da gangan. Ya jefa ƙwaya, in 1 ta fito ƙaryar ta zama gaskiya, ya sha wake ɗaya kuma sai ya yi gwajin dawowa kamar kowa. In ba haka ba su yi tafiyarsu ta 16, 'yan Ingila su yi gwajin bi, zagaye na gaba baraden su juyo. Ja da baya a hankali ba tare da juya baya ba, rabin tafiya, ba ya jawo gwajin.

Shugabanni: duk sanda rukunin da shugaba ke ciki ya sha wake a jefa ƙwaya biyu, in jimla 2 ce ya mutu. Ga Wiliyam akwai ƙari, 3 ko 4 an kashe dokinsa ne, wanda ya faru da shi fiye da sau ɗaya a ranar, sai jita-jita ta tashi, duk rukunansa da ke cikin santimita 20 su yi gwajin karaya, shi kuma zagaye na gaba ba ya faɗa, nuna fuska yake, duk mai gudu kusa da shi ya tsaya ba sai ya jefa komai ba.

Nasara: Nomandi ta ci in ta ɗauke rukunin Ingila 6, ko 4 in Harold ya mutu. Ingila ta ci in Wiliyam ya mutu, ko an ɗauke rukunansa 6, ko zagaye na 16 ya ƙare ba a kai ga wancan ba.

Mataki na 10: Bugawa da gyara

Wasan farko zai ɗauke ku kamar awa biyu, daga baya ƙasa da haka. Kuskuren sabon mai Nomandi shi ne ya tura barade biyar duka kan katanga tun da safe, lissafa ka gani, ƙwaya 2 yake jefawa ana kare rabi, su kuma huskal suna jefa masa 4. Ka tara kibanka a kan rukunin gayya ɗaya na gefe, ka tura dakaru su gajiyar da shi, ka ajiye barade biyu a ƙasan tudu suna jiran duk wanda ya sauko, kuma kar ka ƙona gudun ƙaryarka a gaban huskal. Kuskuren mai Ingila kuma shi ne ya manta da huɗun nan na baya, da zarar rukuni ya kai wake 3 ka canje shi, da zarar wani ya sauko ka toshe gurbinsa ka bar shi da Allah, in ka ce za ka je ceto ka buɗe kafa biyu. Idan na baya sun ƙare dole ka matse sahu zuwa tsakiya, a nan ne gefe ke buɗewa barade su hau tudun.

In kun buga sau da yawa kun ga Ingila ce ke ci kullum, ku ƙara wannan: daga zagaye na 12 maharba su riƙa harbi sama kibiya ta sauko ta ka, kariyar katanga daga kibiya ta koma 5 da 6. Marubutan da suka zo bayan yaƙin da shekaru ne suka kawo wannan labarin, shi ya sa ban sa shi cikin dokokin asali ba. In kuma Nomandi ce ke ci da wuri, ku rage gwajin bin 'yan gayya ya koma 1 da 2. Abu ɗaya za ku canza a lokaci guda, ku kuma yi musayar ɓangare bayan kowane wasa.

Ajiya: kwali mai murfi saboda ƙurar hunturu, kar a bar su a mota ko kusa da taga, rana na lanƙwasa roba, damina kuma mazaunin kwali na shan danshi don haka kar a ajiye a ƙasa. In ka sayi na ƙarfe ka nisanta su da yara, wasu akwai dalma a ciki. Rundunar Ingilan da ka haɗa kuma ba ta Hastings kaɗai ba ce, in ka ƙara rukuni 10 ko 12 na mutanen Hardrada masu garkuwa mai zagaye, ka yanka shuɗin kyalle ya zama kogin Derwent ka yi gada da tsinken ashana, ka samu Stamford Bridge, sai dai a can ka ba yawancin 'yan Norwe kariyar 6 kaɗai saboda sun baro sulkensu a jiragen ruwa, rukuni uku daga cikinsu kuma ka ware su su shigo tebur a zagaye na 8 da sulkensu amma kowanne da wake ɗaya na gajiyar gudu.